Kan Tarwaɗa a Ranar Kare Kundi

Ku 'yan matan da kuke zuwa gidana koyon girki, kullum maganarku ɗaya ce: "Anti Talatu, ai abinci kawai kike kai wa malaman makaranta, mene ne abin wahala a ciki?" Ku a wurinku, da an ɗauki hoton faranti a waya an tura wa jama'a, shi ke nan an buɗe sana'a. To ku gyara zama, ku ji.

Akwai wata babbar makaranta a nan yankinmu na Haɗeja, ba sai na kama suna ba. Duk ƙarshen zango, ɗaliban da za su gama sai kowa ya tsaya gaban malamai ya kare kundin binciken da ya rubuta. Su suna ce masa difens. Ɗaliban kan yi karo-karo a dafa wa malaman abincin rana, don dai a sanyaya zukata. Wannan abincin shi ne sana'ata tun ina budurwa, ga shi yau har na aurar da 'ya.

A hannun Gwaggo Yalwa na koya, ƙanwar babana. Tarwaɗar farko da ta miƙo mini, da sabulu na so in wanke ta, saboda yauƙi. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Wanka za ki yi mata ko farfesu?" Ta ɗebo toka ta murje ta, ta kwara mata ruwan zafi, yauƙin ya fita fari fat kamar an tuɓe mata riga. Ita ta nuna mini yadda ake daka citta da kanumfari da masoro da 'yar kimba, a sa daddawa kaɗan don ƙarni, kada a cika ta ta danne daɗin kifi. Babbar dokarta kuwa, ludayi ba ya shiga tukunyar tarwaɗa. Kunnuwan tukunyar ake kamawa a girgiza a hankali. Kika sa ludayi, kin yi fate.

Ni kuwa a lokacin hankalina rabi yana tukunya, rabi yana cikin littattafan soyayya da nake haya a kasuwa. Ina soke da guda a zani kullum. Ina zaune gaban murhu, amma ni ina can wani gida mai bene, wata kyakkyawa ta zabga wa wani mai kuɗi mari a babi na ɗaya, ina jiran in ga yadda za a ɗaura musu aure a babin ƙarshe. Sai in ji Gwaggo daga ɗaki: "Talatu, ƙauri nake ji! In shinkafar nan ta kama, Alhajin cikin littafin ne zai zo ya kankare?" Ba ta taɓa raba ni da karatun ba, ni ma ban taɓa yarda cewa ɓata lokaci ba ne. Za ku ji amfaninsa.

Girki dai kowace mace mai haƙuri za ta iya. Rabon shi ne sana'ar. Ranar da Gwaggo ta fara tafiya da ni makarantar, muna cikin adaidaita da kuloli a cinya, ta ce, "Yau za ki ga mutanen da suka fi kowa sani, kuma suka fi kowa saurin fushi. Farfesa kafin Dakta, Dakta kafin Malam. Kada faranti ya tsallake wani." Na ɗauka zolaya ce. A ranar na miƙa wa wani siririn mutum abinci na ce, "Bismillah, Malam." Ya janye hannunsa kamar na miƙa masa garwashi. Ashe satin da ya wuce ya zama Dakta. Ya ce, "Kin san abin da na sha kafin in samu sunan nan?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Dakta." Sai da na faɗa har sau biyu sannan yunwarsa ta dawo.

Sai maganar kai. Ku kun sani, a ƙasar nan tamu ta bakin kogi, kan kifi na babba ne. To a ɗakin kare kundi ya wuce nan, kan tarwaɗa takardar shaida ce. Wanda aka ajiye wa shi, an faɗa wa duniya shi ne gaba. Shugaban sashen da na fi yi wa aiki wani tsohon Farfesa ne, mutum mai sanyi, wanda ya wuce faɗa a kan ƙashi. Shi tsakiya yake so, inda ba ƙaya. Saboda haka kan sai ya gangaro kan na ƙasa da shi, kuma a nan ne Gwaggo ta ba ni doka ta biyu: "In manya biyu suka yi kunnen doki, ɓoye kan. Ki kawo mana gida mu tsotse abinmu lafiya."

Ina ajiye kuloli a bayan ɗakin, jikin taga, don haka duk abin da ake yi a kan idona ne. Da Turanci suke yi, amma wulaƙanci ba ya buƙatar tafinta. Na ga an ɗaga kundin yaro da yatsa biyu kamar an tsinci mushen ɓera. Na ga malami yana danna waya tun daga bismillar ɗaliba har ƙarshenta, sannan ya ɗago ya ce bai ji komai mai ma'ana ba. Wani in zai yi tambaya sai ya fara ba da labarin ƙasashen da ya je, har a manta yaro yana tsaye. Ba duka ba, akwai mutanen kirki, waɗanda za su gyara wa yaro cikin mutunci har ya fita yana godiya. Amma su masu ɗaga murya sun fi cika ɗaki. Da na tambayi Gwaggo dalili, ta ce, "Haka aka yi musu. Suruka ce da ta sha wuya a hannun tata surukar."

Bayan Gwaggo ta tsufa sana'ar ta dawo hannuna, sai Allah ya haɗa ni da mutum biyu a sashen nan: Dakta Buba da Dakta Falmata. Shi Bafulatani ne dogo, matarsa ta rasu, ba ya dariya sai in wani ya yi kuskure. Ita Babarbariya ce, iyayenta daga wajen tafkin Chadi suka zo, bazawara, mai turaren wuta da za ki ji tun daga ƙofar sashe, da wani kallo ta saman tabarau da ke sa ɗalibi ya manta sunan garinsu. A shekara ɗaya suka zama Dakta. Kunnen doki ke nan. Shekara da shekaru ni da yarana muke cinye kan tarwaɗa saboda su.

Ba sa gaisawa. Faɗansu kuma ba kai tsaye suke yi ba, ta kan ɗalibai suke bi. Duk ɗalibin da ita ta duba wa aiki, shi zai yi kaca-kaca da shi. Duk wanda shi ya duba, ita za ta tsefe shi kamar kitson da ya kwana biyu. Yana magana tana kallon silin, tana magana yana kaɗa mukullin mota. Kowa a makarantar yana cewa gaba ce. Ni kaɗai na san gaskiya, don ni kaɗai na yi karatun da ya dace. Namiji ba mata, mace ba miji, ga shi Bafulatani da Babarbariya, abokan wasa tun kakanni, kuma kowa ya haddace duk kalmar da ɗan'uwansa ya taɓa faɗa don ya mayar masa da ita. Wa ke haddace maganar wanda bai damu da shi ba? Wannan ai babi na ɗaya ne, marin ne kawai ba a yi ba.

Aikin da ba zan manta ba shi ne na Malam Idi. Mutumin Guri ne, ɗan masunta, malamin firamare, gemunsa ya fara furfura lokacin da ya dawo ƙaro karatu. Dakta Falmata ce ke duba aikinsa, wani bincike a kan yaran ƙauyukan fadama da ke daina zuwa makaranta in ruwa ya cika. Sau biyu yana tsayawa, sau biyu Dakta Buba yana mayar da shi. A na biyun ina wurin. Ya jefa masa kundin a ƙasa ya ce, "Kai ne kake koyar da yara? Allah ya ji ƙan yaran." A cikin ɗaliban da ke zaune har da waɗanda Malam Idi ya koya wa baƙi da wasali. Ya sunkuya ya tsince takardunsa, ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe."

Ana gobe tsayuwarsa ta uku, ya yi sallama a ƙofar gidana da la'asar, da buhu jiƙe a bayan babur. Ya ce, "Yaya Talatu, wannan ce ta ƙarshe. Wa'adin da makaranta ta ba ni ya ƙare, hutun karatun da aka ba ni a wurin aiki shi ma ya ƙare. In aka mayar da ni gobe, na koma Guri hannu rabbana. Ga wannan, ƙanena ya kamo, ki sa a tukunyar gobe."

Na buɗe buhu. Tarwaɗa biyu, manya, baƙaƙe sil, suna motsi. A shekarun nan da ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, rabon da in ga irinsu har na manta. Na jera su a faranti, na auna kawunan da tafin hannuna. Ko tagwaye albarka. Na ce a raina, wannan ba kamun ƙanen Malam Idi ba ne, wannan ƙaddara ce ta buɗe babi na biyu.

Na ce, "Malam, je ka yi barcinka."

Ya ce, "Yaya, murmushin nan naki yana ba ni tsoro."

Washegari da safe, kafin a shiga ɗaki, na leƙa ofishin Dakta Buba. Na ce, "Ranka ya daɗe, yau an samu kan tarwaɗa. Na ce ko a kai wa Dakta Falmata?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Kai mata mana. Ko Allah zai sa ta samu ɗan abin da za ta yi tunani da shi."

Na ce, "An gama." Na wuce ofishinta. "Ranki ya daɗe, akwai kan kifi yau. Ko a ba Dakta Buba?"

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Ba shi, baiwar Allah. Ya yi ta tsotsa, ko bakinsa ya samu aikin yi mu huta."

Da safen nan sun yi wa yara uku wankin babban bargo. Malam Idi yana zaune a layin baya, nasa sai bayan azahar, yana ta goge gumi da hularsa. Da aka tashi salla da cin abinci, maza suka shiga ofishin Farfesa, ita ta shiga nata. Na ba Farfesa tsakiyarsa. Sannan na ɗauko kwanukan tangaran biyu masu murfi, waɗanda ba na fitowa da su sai ranar suna, na ajiye ɗaya gaban Dakta Buba, na buɗe. Kan nan ya cika kwano, romo yana sheƙi, ƙamshin kimba ya tashi. Na rage murya na ce, "Dakta Falmata ce ta ce a ba ka. Da bakinta."

Ya tsaya da cokali a sama. "Ita ta ce?"

"Wallahi ita ta ce."

Na je na yi mata irin wannan a ɗaya kwanon. Ta cire tabarau gaba ɗaya, abin da ban taɓa gani ba. "Buba ne ya ce a kawo mini?"

"Ko tsayawa tunani bai yi ba, ranki ya daɗe."

Ku lura, ban yi ƙarya ba. Ƙaya na cire wa maganar, kamar yadda nake cire wa kifi in zan ba yaro.

Aka dawo ɗaki. Malam Idi ya miƙe, ya yi bayaninsa. Dakta Buba ya ɗauki kundin, ɗalibai suka sunkuyar da kai suna jiran a jefa. Sai ya jingina da kujera, ya shafa ciki, ya ce, rabi da Turanci rabi da Hausa, "Aikin nan da sauran gyara. Amma in mutane suka gane na gaba da su, ba a tsananta musu. A gyara babi na huɗu, ya wadatar."

Dakta Falmata ta yi wani murmushi irin na sarauniyar da aka kawo wa caffa. Ta ce, "Tunda yau an zo mana da ladabi, mun karɓi gyaran. Wanda ya sauko, ba a tura shi."

Shi ya ɗauka ta miƙa wuya, ita ta ɗauka ya kawo tuba. Haka mutane suka fassara daga baya. Ni dai abin da na gani da idona, ya dube ta, ta dube shi, har na ƙirga numfashi. Farfesa kuwa, da ya ga hadari ya washe ba zato, bai tsaya tambayar daga ina iska ta zo ba. Ya jawo takarda ya sa hannu da sauri kamar mai kwashe shanya, ya ce, "Malam Idi, ka ci. Je ka, je ka." Malam Idi ya tsaya yana waige-waige, sai da wani tsohon ɗalibinsa ya ja shi waje.

Daɗin bai kai mako ba. Dakta Buba ya zauna cikin malamai yana ba da labarin yadda aka aiko masa da kai don an san gaba. Ita ma tana can tana ba da nata. Labari biyu suka yi karo a baranda. Aka aiko a kira ni.

Na same su a ofishin Farfesa, a kan dogon benci ɗaya. Ban taɓa ganin sun zauna kusa haka ba.

Dakta Buba ya ce, "Ke mai abinci, wa ya aike ki..."

Ta ƙarasa, "...ki shiga tsakanin manya?"

Kun ji? Yana farawa tana ƙarasawa. Na ce, "Ranku ya daɗe, ku kuka aike ni. Abin da kowa ya ce a yi shi na yi."

"Da sauran maganar fa?" in ji ta.

"Sauran ba ta ciyuwa, ranki ya daɗe."

Dakta Buba ya juya wajen Farfesa, ya ce lallai a soke sakamakon, a dawo da Malam Idi ya sake tsayawa, don an yi hukunci cikin yaudara. Ni kuwa na san in aka dawo da shi ya tafi ke nan. Farfesa ya daɗe yana goge tabarau da bakin riga. Ya ce, "Ba laifi, Dakta. Sai dai dole a rubuta dalili a aika sama. Ka rubuta da hannunka cewa aikin bai cancanta ba, kan tarwaɗa ne ya sa ka ce ya cancanta. Dakta Falmata ta sa hannu a ƙasa."

Dakta Buba ya ce shi hukuncinsa na ilimi ne, ba abin da ya taɓa sauya masa ra'ayi a duniya. Dakta Falmata ta ce aikin da ita ta duba ba ya buƙatar kifi. Karo na farko ke nan da suka yarda da abu ɗaya. Na biyu kuwa, suka haɗa baki cewa kada a ƙara ganin ƙafata a sashen.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Labari ya zaga, sauran sassan ma suka ja baya, wai ina sa baki a harkar manya. Ga shi daminar ta zo da ambaliya, shinkafar fadama ta nutse, hanyar Guri ta yanke, itace ya yi wuya. Na kwashe kulolina na koma bakin tasha, ina sayar wa direbobi da 'yan adaidaita shinkafa da wake. Kwanukan tangaran suka koma ƙarƙashin gado. Amma in gaya muku, direba in ya ci ya ƙoshi cewa yake, "Allah ya yi albarka, Hajiya," ko da Malam kika kira shi ko Oga. Na huta da auna kawuna, sai dai tasha ba ta da labari, kowa sauri yake.

Wadda ta karɓi aikina irinku ce, 'yar gayu, mai abinci a robobi masu murfi, kowace da cokalinta da 'yar takardar goge baki. Abincinta da daɗi, ban hana ta ba. Amma robobi duk kamarsu ɗaya, ita kuma ba ta san kifi yana da matsayi ba. Ranar wani difens aka raba, kowa ya buɗe, sai ga kan tarwaɗa ƙato a gaban wani ƙaramin malami da bai fi wata uku da ɗauka ba. Yaron ya rasa inda zai sa kansa, ya ci ba dama, ya rufe ba dama. Aka ce yini guda ba wanda ya ci jarrabawa. Da sabon zango ya kama, sai ga masinjan Farfesa a tasha yana cewa, "Hajiya, wai ki dawo da kwanukanki."

Malam Idi ya karɓi takardarsa, yanzu shi ne shugaban makarantarsu. Su kuwa biyun duk sun zama Farfesa, a shekara ɗaya kuma, don Allah ba ya raba abin da ya haɗa. Har gobe ba sa gaisawa. Kai biyu nake kaiwa yanzu, a fili, ba saƙo. Amma duk ranar da na ajiye masa nasa, kafin ya buɗe sai ya ce, "Waccan an kai mata?" Ita kuma ta ce, "Nasa ya fi nawa girma ne?" Ku ce kishin matsayi ne. Ni na san babin da muke.

Duk shekara in ruwa ya janye, Malam Idi yakan zo da buhunsa jiƙe, tarwaɗa biyu masu kai ɗaya. Bara na ce masa ya gaya wa ƙanensa, akwai wata babba da nake so a bar mini a kogi, ta ranar ɗaurin aure, don ranar kwano ɗaya zan zuba.

Ya yi dariya har da riƙe babur. Ya ce, "Yaya Talatu, kifin nan zai tsufa a ruwa."

Na ce, "Bar shi ya yi ta girma, Malam. Kan da zai ishi mutanen nan biyu ai ba ƙarami ba ne."